Hannun da ya taɓa batir ba ya shiga kwano

Ɗana, ka tambaye ni me ya sa nake hana ku cin abinci a bakin aiki, alhali yunwa ba ta jira a gama mota, kuma ka ce kana ganin ma'aikatan ofis suna ci a kan teburinsu suna danna kwamfuta, babu mai ce musu uffan. Na ji daɗi da ka kawo tambayar gabana, ba ka zagaya bayan gareji kana gunaguni ba. Zauna ka ji.

Ni ban hana ka abinci ba. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma yaron da yunwa ke nuƙurƙusa ba zai riƙe sifana da kyau ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne gurasa a hannun hagu, sifana a hannun dama, kana gutsura kana kwance noti.

Duba tafin hannunka yanzu. Mai ofis takarda ya taɓa tun safe, kai kuwa batir ka taɓa. A cikin batirin ƙaramar mota akwai ɗakuna shida, kowanne da farantan dalma jiƙe cikin ruwan asid. Kan batir ɗin nan da kake kankarewa da burushin ƙarfe shi ma dalma ne. Abin da muke narkawa mu liƙe waya ko mu toshe lagireto, akwai dalma a ciki. Ita kuma dalma ba ta cika ratsa fata ba, ta baki da hanci take shiga. Ƙurarta ta maƙale a yatsa da ƙarƙashin farce, ka ɗauki awara mai maiƙo, shi ke nan ka haɗiye ta da yaji. Ba za ka ji ɗaci ba, ba za ka faɗi a ranar ba. Taruwa take yi a ƙashi da haƙora shekara da shekaru. Sai mutum ya fara fama da murɗar ciki da taurin bayan gida, ciwon kai, ƙarancin jini, hawan jini, ƙoda ta taɓu, wani ma wuyan hannunsa ya saki. A yi ta cewa basir ne ko shawara, ana ɗirka masa jiƙo.

Kana ƙarami lokacin da abin Zamfara ya faru, amma mu da kunnenmu muka ji. A shekarar 2010 aka ga yara suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. Likitocin agaji na MSF suka shiga, bincike ya nuna gubar dalma ce. Masu haƙar zinare ne ke kawo duwatsu cikin gida ana dakawa ana niƙawa, dutsen kuwa cike yake da dalma. Ƙurar ta bi tsakar gida, ta bi turmi da kwanuka, yara na rarrafe suna sa hannu a baki. Sama da yara 400 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, garin Bagega ma sai a 2013 aka yi masa wannan aikin. A 2015 irin haka ta sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Na san abin da ke garejin nan bai kai na can yawa ba, ko kusa. Amma gubar ɗaya ce, hanyar shigarta ma ɗaya ce, daga hannu zuwa baki. Kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa.

Shi ya sa nake cewa ku tuɓe kayan aiki a nan kafin ku tafi gida. Ƙaninka da ke rugowa ya rungume ka a ƙofar gida, jikinsa ya fi naka saurin tsotse wannan guba, kuma ƙwaƙwalwarsa take taɓawa. Kada ka ɗauke shi sai ka yi wanka. Kayan aikin kuma a wanke su daban, ban da haɗa su da kayan yara a baho ɗaya.

Sai maganar wanke hannu, wadda nake ganin kuna yi mata riƙon sakainar kashi. Goge hannu da tsumma ba wanki ba ne, tsumman ma ya fi hannun datti. Wanke hannu da fetur kuwa, duk da ya zama ɗabi'ar makanikai daga Ƙofar Ruwa har Panteka, cuta ce. Fetur yana cinye maiƙon fata ta bushe ta tsattsage, kuma akwai sinadarin benzin a cikinsa wanda likitoci suka tabbatar yana jawo sankarar jini. Baƙin mai ma idan ya daɗe yana zama a fata ba ya barin ta lafiya. Ga omo nan da sabulu a bakin randa, ga garin katako na sa an ajiye don ya taimaka wajen ɗebe giris, ga burushi na farce. Ka cuɗa har gwiwar hannu, ka ɗauraye fuska da baki, sannan ka nufi tabarma. Farce kuma a yanke shi duk mako. Wanda zai ɓare goro ko gyaɗa ko ya fasa ledar ruwa da haƙori, shi ma wannan dokar ta hau kansa, don ba sai tuwo ne kaɗai ci ba.

Akwai abin da ba na yi wa kowa sassauci a kai, ko babban yarona ne: zuba ruwan batir ko man birki ko ruwan lagireto a robar ruwan sha ko kwalbar lemo. Ruwan batir fari ne tas kamar na famfo. Ruwan lagireto mai kala ɗin nan zaƙi gare shi a baki, amma yana kashe ƙoda. Mutum ya fito daga ƙarƙashin mota a watan Afrilu, maƙogwaro ya bushe, ba zai tsaya shinshina roba ba. Almajirin da ke shigowa neman saura ma bai san bambanci ba. Don haka ruwan sha yana can gindin bishiya, kayan aiki suna nan, ba sa haɗuwa. Zuƙo fetur da tiyo a baki kuma na hana tuntuni.

Na san za ka ce ai masu fenti da masu walda suna shan madarar gwangwani bayan aiki, wai tana wanke ƙirji. Madara abinci ce mai kyau, ka sha idan ka samu, amma ba ta fitar da abin da ya riga ya shiga huhu ko jini. Abin da yake gaskiya shi ne, cikin da babu komai a ciki ya fi saurin tsotse dalma, haka ma jikin da ke da ƙarancin jini. Ka ga ke nan wuni da yunwa a gareji ba jarumta ba ce. Ka karya kumallo a gida kafin ka fito, ko da koko da ƙosai ne.

Ma'aikatan ofis da ka kawo misali da su, su ma suna da ƙa'idarsu. Mai karɓar kuɗi a banki ba ya cin ɗanwake a gaban layi, mai gwajin jini a asibiti ba ya shiga ɗakin gwaji da kwano. Kuma ba ni na ƙirƙiro wannan ba. Dokar Masana'antu ta Najeriya ta 1987 ta hana a bar mutum ya ci ko ya sha a ɗakin da ake aiki da abu mai guba mai tayar da ƙura ko hayaƙi. Dokar Ƙwadago kuma ta ce wanda zai yi aikin awa shida ko fiye a rana, a ba shi hutun da jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba. Babu jami'in da zai zo garejinmu ya duba, amma ni na ɗauki wannan awar a matsayin haƙƙinku a kaina. Shi ya sa bayan Azahar ake ajiye komai, kuɗin abinci kuma daga aljihuna yake fita kullum, an yi ciniki ko ba a yi ba. Maigidan da zai riƙe yara tun safe har La'asar babu ci, sannan ya yi faɗa don ya ga suna ɓoye biredi a aljihu, shi ne ya fara karya doka.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi hana ni barci, wato aikin da aka bari a tsakiya. Mai garau-garau ta iso, wani ya ƙwala kira, kai kuma ka ɗaura taya ka murɗa notinta da hannu, ka ce in na dawo zan ɗaure. Ka ci, ka yi hira, aka aike ka sayo filogi. Wani ya sauke jak, ya ga taya a zaune daram. Mai mota ya zo ya biya, ya ɗebi iyalinsa ya hau titin Zariya. Noti da aka murɗa da hannu da wanda aka ɗaure da sifana, ido ba ya bambance su. Haka abin yake idan ka tsiyaye baƙin mai ka tafi ba ka zuba sabo ba: wani ya tayar da motar, cikin ɗan lokaci inji ya yi nokin, aikin dubu kaɗan ya koma bashin da za mu yi watanni muna biya. Birki da aka buɗe ba a gama fitar da iska ba kuwa, wannan rai ne kai tsaye.

Saboda haka kowane aiki yana da gaɓar da ake iya tsayawa. Taya, sai an ɗaure notinta duka. Mai, sai an mayar da notin ƙasa an zuba sabo an duba sanda. Birki, sai an taka an ji ya yi tauri. Idan aikin mai tsawo ne ba zai kai gaɓa ba, ka zare makulli ka kawo mini, ka cire kan batir, ka faɗa mini da bakinka inda ka tsaya. Kuma ba a barin mutum a ƙarƙashin mota shi kaɗai a tafi cin abinci, ko da an sa mata waigi. Malamai suna karantar da mu hadisin Nana A'isha cewa ba a sallah alhali an ajiye abinci, suka ce saboda zuciya tana rabuwa biyu. To, idan an ji wa sallah tsoron rabuwar zuciya, ni ma ina jin tsoronta a kan birkin da bayin Allah za su dogara da shi.

Motar mutane kuma amana ce. Ba a shiga ciki a kunna sanyi a buɗe leda. Ɗigon manja ɗaya a kujera, ko ɓawon rake a ƙarƙashin tabarmar mota, ya isa mai ita ya fara tunanin me kuma aka yi da motarsa da ba ya nan. Dabino ko biskit da ka tarar a ciki ba naka ba ne, ko ƙwaya ɗaya. Ba a ɗaukar motar kwastoma a tafi sayen abinci da sunan gwaji. Idan ya iso kuna tsakiyar ci, ku yi masa sannu da zuwa, ku ce bismillah, babba a cikinku ya wanke hannu ya tashi ya saurare shi, sauran su ci gaba. Kada ka yi masa bayanin kafireta da loma a baki. Kalmar nan ta “Alhaji, yaranka ba su ci komai ba” kuma kada in ƙara jin ta a garejin nan. Wanda ya ba ka don kansa, ka karɓa da hannu biyu ka gode.

A kan tire, ka ci da dama, ka ci gabanka. Wanda aiki ya riƙe, a ɗebar masa nasa a rufe kafin kowa ya sa hannu, nama ma a ƙirga da shi. Sabon yaro shi ne ya fi jin kunya, shi ne kuma ya fi tashi da yunwa, don haka ka sa masa ido, kai ma an sa maka lokacin da ka zo. Aikensa sayo abinci ba laifi ba ne, amma ba a cinyewa kafin ya dawo da ruwa. In an gama a share wurin, saura a ba mabuƙaci tun da zafinsa. Tsakin shinkafa da ƙashin kifi su ke kiran ɓera, ɓera kuma idan ya kwana a bonet wayoyi yake ci, gobe mu wuni muna neman inda wuta ta yanke a motar da ta zo da lafiyarta.

Da azumi tsarin yana ɗan canzawa. Aiki mai nauyi da safe ake yin sa, kuma ba na bari a buɗe birki ko a sauke giya idan Magariba ta kusa, don a lokacin hannu ya yi sanyi, hankali yana kan kunu. Abokan aikinmu da ba sa azumi, wurin cinsu yana nan, babu mai hararar su, su ma suna kyautatawa su koma gefe.

Idan wata rana yunwa ta kama ka kafin lokaci, ko jiri ya ɗebe ka, kada ka daure kuma kada ka ɓoye abu a aljihu. Zo ka ce, “Oga, zan ɗan sa wani abu a ciki.” Zan duba inda ka tsaya, in karɓi sifanar ko in sa wani, ka je ka wanke hannu ka ci a zaune. Yanzu tashi ka mayar da kan batirin waccan motar, ka fara ɗaura na wuta kafin na bodi.