Amsa kan kalmar "fontanelle" a katin jariri

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin tambayi ma'anar "fontanelle" da ma'aikaciyar jinya ta rubuta a katin jaririnki a nan Jos, da kuma ko akwai abin tsoro. Maɗiga ake nufi, wato wurin nan mai laushi a tsakar kan jariri inda ƙasusuwan ƙoƙon kai ba su gama haɗuwa ba. Tushen kalmar daga harshen Latin yake, kuma tana nufin ƙaramar maɓuɓɓugar ruwa.

Manyan maɗigai biyu ne: ta ƙeya takan rufe cikin wata 2 zuwa 3, ta gaba kuwa yawanci tsakanin wata 12 da 18, wani lokacin har zuwa shekara 2. Wannan sarari shi ke ba kan jariri damar matsewa a lokacin haihuwa, sannan ya ba ƙwaƙwalwa wurin girma, kuma bugun da ake gani a wurin ba ciwo ba ne.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda a unguwanninmu ake shafa magani a kanta idan ta lotsa, alhali lotsawar alama ce ta ƙarancin ruwa a jiki, galibi saboda gudawa ko amai. A nan sai a ƙara shayar da nono, a ba da ruwan gishiri da sukari, a garzaya asibiti. Idan kuwa ta kumbura ko da an ɗaga jaririn zaune, yana cikin natsuwa ba kuka yake ba, musamman tare da zazzaɓi, ana iya zargin sanƙarau, kuma kada ki kwana da shi a gida.