Shawar lantarki tana ɗaukewa da zafin bazara, mai gyara ya ce zai haɗa waya kai tsaye

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. A Kubwa muke zaune. Shawarmu ta lantarki, irin mai ɗumama ruwa nan take, lafiya lau ta yi aiki duk tsawon hunturu. Tun shigowar watan Maris sai ta fara fitar da ruwa mai ƙuna, can kuma ta ɗauke, ruwan ya huce. Da asuba ba ta yin haka, sai da rana da yamma. Mahaifiyata mai ciwon gwiwa da ita take wanka, yara ma haka. Mai gyara ya ce wani ɗan abu ne a ciki ke kashe ta, zai cire shi ya haɗa waya kai tsaye. Hankalina bai kwanta ba. In bar shi?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kada ki bar shi. Da alama ma shawarki lafiyarta ƙalau.

Irin wannan shawa ba ta da ma'aunin cewa ruwa ya tsaya a zafi kaza. Abin da take yi shi ne ƙara zafi a kan wanda ruwan ya shigo da shi. Mai kilowat 7, idan lita 4 ke wucewa ta cikinta a minti, tana ƙara kusan digiri 25. Da hunturu ruwan tankinki yana shigowa a digiri 20, ya fita a 45, a yi wanka cikin daɗi. Yanzu kuwa baƙin tankin roba ya wuni a rana a saman gida, bututu ma a fili, ruwan ya shigo a 35, ya fita a 60. Sai maɓallin kariyar zafi ya yanke wuta. Shi ya sa da asuba ba ta yi miki, tankin ya huce cikin dare.

Ga kuma rani: ruwan tanki ya yi ƙasa, ƙarfinsa ya ragu, kuma duk ruwan da ke tafiya a hankali ya fi ɗaukar zafi.

Don haka ki mayar da ita kan ƙaramin ƙarfi, ki buɗe ruwa sosai. Ki kwance kan shawar ki jiƙa shi a ruwan lemon tsami, farin daskararren nan da ke toshe ƙofofinsa ya narke. A kashe wuta daga bireka, wato makunnin da ke allon wutar gida mai yanke wuta in ta yi yawa, a duba 'yar rariyar da ke bakin shigar ruwa, yashin rijiyar burtsatse yana cika ta. A yi wa tanki rumfa. Da yamma ma ki gwada ruwan ba tare da kunna ta ba, sau da yawa ɗuminsa ya ishi Mama.

Maganar mai gyaran nan kuwa, ita ce ta fi ci min tuwo a ƙwarya, domin kullum sai na tarar da irin wannan aiki a gidajen mutane. An ɗauka duk abin da ke yanke wuta shi ne mai laifi, sai a kawar da shi. Wannan ɗan abin da yake so ya cire, wato maɓallin kariyar zafi, shi kaɗai ke tsakanin fatar 'ya'yanki da tafasasshen ruwa. Ruwa mai digiri 60 yana ƙona babba cikin 'yan daƙiƙoƙi, fatar yaro ta fi saurin sulluɓewa, tsohuwa mai ciwon gwiwa kuma ba za ta iya tsalle ta kauce ba. Ranar da wani ya buɗe famfon kicin ana cikin wanka, ruwa ya ragu bai tsaya gaba ɗaya ba, hitar za ta ci gaba da ci, ba mai tsayar da ita. Ɗan ruwan da ke cikin tukunyarta ya tafasa ya feso da tururi. In aka ci gaba a haka robar ta narke, ƙarfen hitar ya tsage, wuta ta haɗu da ruwan da ke zuba a kan mutum tsirara, ƙafarsa a jiƙe. Shi kuwa mai gyaran ya karɓi kuɗinsa ya tafi, gobe ki kira lambarsa a kashe.

Irinsu ne kuma in bireka ta faɗi sai su sa babba. Shawa mai kilowat 7 a wutarmu ta bolt 230 tana jan kusan amfiya 30, tana buƙatar layinta ita kaɗai daga allon wuta, da waya mai kaurin akalla murabba'in milimita 6 (6mm²). Wanda ya ɗora babbar bireka a kan siririyar waya ya mayar da wayar cikin bango abin ƙonewa. Wasu ma har wayar at, wadda ke kai wutar da ta ɓalle zuwa ƙasa, suke yankewa, wai ita ke jawo faɗuwar wuta. Wallahi wannan wasa da rai ne, kuma amana ce aka ba su.

Ki nemi ƙwararre mai takardar shaidar aiki. Ya auna maɓallin kariyar. In ya lalace, domin wasu ba sa dawowa da kansu bayan sun yanke, a sa sabo irinsa daidai. Ya tabbatar wayar at tana haɗe, kuma akwai RCD mai miliamfiya 30 a layin, wato na'urar da ke yanke wuta nan take in ta fara zurarewa ta jikin mutum ko ruwa, ya danna maɓallin gwajinta a gabanki ki ga wuta ta ɗauke. Ya ƙara ɗaure bakin wayoyi, wanda ya yi sako-sako zafi yake yi. In kin ji warin ƙonewar roba, ko ɗan shokin a jikin famfo, ki kashe birekar kada kowa ya shiga sai ya zo. Kafin nan a dafa wa Mama ruwa a tukunya a sirka mata a bokiti. Allah Ya ba ta lafiya.