Amsa ga mai tambayar wuraren kallo a Kotonu

Wa alaikumus salam ƙanena. Ka ce za ka je Kotonu karɓo mota daga por, wato tashar jiragen ruwa, an gaya maka takardun duwan, wato kwastan, na iya zaunar da kai kwanaki, kana tambayar inda mutum zai leƙa ban da kasuwar Dantokpa da bakin teku. Na yi wanga zaman jira ya fi a ƙirga.

Teku dai ka je ka gan shi don kada ka dawo Maradi a yi maka dariya, amma daga nesa. Igiyar ruwan bakin tekun Fijirose janye ƙafar mutum take yi, ba irin Gulbin Maradi ba ce da muka yi wanka muna yara. Ni tsayuwa kawai na yi ina ɗaukar hoto, ta taso ta jiƙa ni har ƙugu, takalmi ɗaya ya tafi ke nan.

Abin kallo na gaske yana bayan gari. Ka yi asubanci, ka hau zem, wato kabu-kabunsu masu rawayar riga, zuwa Kalabi, ka shiga jirgin ruwa zuwa Ganvie. Gari ne sukutum a tsakiyar tafkin Nokuwe, gidajen katako a kan turaku. Kakanninsu, Tofinu, gudun masu farautar bayi na masarautar Dahome suka yi, suka fake a ruwa saboda al'adar mayaƙan ta hana su bin mutum cikin tafki. A hanya za ka ga rassan itace a kakkafe kamar shingen gona, akaja suke ce masa: kifi ya shiga ya ci ya yi ƙiba, mai shi ya zo da koma ya kewaye. Gonarsu ke nan, kowa ya san iyakar tasa. Na ga yarinyar da ba ta wuce a goya ta ba tana tuƙa kwalekwale ita kaɗai, tulin tumatir a gabanta, ko kallonmu ba ta yi ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne layin ruwan sha: kwalekwale bayan kwalekwale cike da jarkoki, suna jiran famfo. Suna zaune a kan ruwa, amma da gishiri a cikinsa, sai sun saya. Ka gama ciniki da mai jirgi tun kana tudu, ni na yi sakaci sai da muka yi nisa kuɗin ya haihu. Kuma kada ka ɗora waya a kan matan can ba izini, ba sa so.

Wata ranar ka nufi Wida, wajen kilomita 40 yamma. Kowa ɗakin mesa zai nuna maka, inda ake rataya wa baƙo maciji a wuya, ga babbar coci tana kallonsa a tsallaken titi. Wurin bautarsu ne, ni daga ƙofa na juyo, kai ma ka yi shawara da zuciyarka. Gara ka bi hanyar bayi, kimanin kilomita 4 zuwa gaɓa, inda aka gina Ƙofar Ba Dawowa a 1995. Kafin ka isa akwai ƙauyen Jegbaji, inda mata ke kankaro ƙasa, su tace ta da ruwa a manyan kwanduna, su dafa har gishiri ya kwanta fari tas. Ina gani na tuna masu gishirin Foga can wajen Gaya, aikin kusan ɗaya ne.

Idan Juma'a ta same ka, Zongon Kotonu na nan da Hausawa da tuwo, amma daure ka je Porto Novo. Tsohon babban masallacin garin, da ganinsa za ka rantse coci ce, ga fenti kala-kala. Jikokin bayin da suka dawo daga Barazil ne suka kawo irin ginin. Kada ka ɗauka labarin ya yi nisa da mu: cikin Musulmin da aka sayar zuwa Bahiya ta Barazil akwai Hausawa da yawa, kuma bayan tawayen da bayi Musulmi suka yi a can a 1835 an koro wasu zuwa wannan gaɓa.

Mutum-mutumin jarumar Dahome mai tsawon mita 30 da aka buɗe a 2022, da doguwar katangar por mai zane-zane, waɗannan a kan hanyarka suke, minti goma sun isa.

Kuɗi dai sefa ce kamar gida, sai ka tanadi ƴan canji don masu zem. Maganar ƙetare iyaka daga Gaya zuwa Malanbil kuwa, tun 2023 ba yadda muka saba take ba, ka tambayi direbobi a tasha kafin ka yanki tikiti. Allah ya kai ka lafiya, ya sa motar ta fito da wuri.