Ga Ƙanena Mai Son Sanya Kasuwancin Haɗin Gwiwa a Takardar Neman Jami'a

Ƙanena, saƙonka ya iso, kuma kai ne na huɗu da ya kawo mini irin wannan tambaya tun bayan babbar sallah. Ka ce kai da abokanka biyu kun shekara biyu kuna sayar da kilishi ta WhatsApp a Kano, kuma kana so ka rubuta a takardar neman gurbin karatu a Amurka cewa kai ka kafa sana'ar, kai ne kuma shugabanta. Can ƙasa ka ambata cewa ɗaya daga cikin abokan naka yana neman wasu daga cikin jami'o'in da kake nema, kuma wannan maganar da ka yi kamar ba komai ba ita ce ta fi damuna.

Jami'o'i da yawa a Amurka suna raba takardun masu nema ga ma'aikatansu ne bisa yanki, saboda haka ba abin mamaki ba ne mutum ɗaya ya karanta taka da ta abokinka. Idan ya ga shugabanni biyu a kan tire ɗaya na kilishi, duk sauran abin da kuka rubuta ya shiga zargi. Kafin ka tura takarda ta Common App, wato shafin intanet da ake neman jami'o'in Amurka da yawa ta cikinsa, sai ka amince cewa abin da ke ciki gaskiya ne, kuma jami'a tana da ikon janye gurbin ko bayan ta ba ka shi.

Ni kuskurena ta ɗaya gefen ya zo, kuma har yau yana yi mini ciwo. An tashe mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, don haka da na zo bayanin shagon cajin waya da muka buɗe da wani abokina, sai na cika takardar da "mun yi" da "mun samu", ban faɗi ko sau ɗaya cewa ni nake riƙe littafin lissafi, ni nake zuwa sayen fetur da asuba, ni kuma na shawo kan mai gidan ya rage mana kuɗin haya ba. A shekarar ban samu gurbi ko ɗaya ba, shi kuwa abokin nawa yana gari yana gaya wa mutane shagonsa ne. Sai da na sake nema wata malama ta karanta rubutuna ta tambaye ni inda nake a cikin labarin, na rasa amsa.

A sashen ayyuka na Common App an ba ka gurbi 10 ne kawai, kowanne da harafi 50 na muƙami da harafi 150 na bayani, saboda haka babu wurin kirari. Ka rubuta cewa kana cikin mutum uku da suka kafa sana'ar, sannan ka faɗi aikin da hannunka ya yi, ko karɓar oda ne, ko ciniki da mahauta, ko bin bashi. Cinikin da za ka ambata ya zama na ku ukun ne, ka kuma faɗi haka, ya dace da abin da ke littafinku. Idan kun yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, ka duba sunayen da ke kan takardar kafin ka kira kanka komai.

Babban rubutun da za ka yi a kan kanka a Common App, mai iyakar kalma 650, shi ne wurin da tarayyar za ta amfane ka, domin labarin ranar da kuka saɓa a kan rabon riba da yadda kuka daidaita ya fi kowane muƙami nuna halinka. Ku zauna ku uku tun yanzu ku amince a kan abin da kowa zai rubuta, ka kuma sanar da malamin da zai rubuta maka takardar shaida. Jami'o'i da dama suna rufe zagayen farko ranar 1 ga Nuwamba, don haka ka turo mini daftarin kafin ƙarshen Satumba, tare da hoton shafukan littafin lissafin.