Shukar da ta iso a kwali: ajiye butar ruwan tukuna

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Agege. Na yi odar shukar monstera, mai manyan ganyen nan masu tsage-tsage, wajen wata mai sayarwa a Instagram. Kwana uku ta yi a kwali kafin ɗan aike ya kawo mini ita a babur. Ganyenta ya yi laƙwas, na ƙasa ɗaya ya koma rawaya. Ina ba ta ruwa safe da yamma, na kuma sayo babbar tukunya da taki. Me zan yi kada ta mutu?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Daga yau ki daina ba ta ruwan nan na safe da yamma, tukunyar da takin kuma ki ajiye su gefe. Shukar da ta kwana uku a duhu, ta sha zafin kwali da jijjigar babur a cunkoson Legas, dole ta yi yaushi. Wannan bai dame ni ba. Ruwan ne ya dame ni.

Asalin monstera dazuzzukan kudancin Meziko da Amurka ta Tsakiya ne, inda take hawa jikin manyan itatuwa a cikin inuwarsu. Saiwarta ta saba da shan iska. Idan ƙasar tukunya ta zauna jagab, iska ba ta shiga, sai saiwa ta ruɓe. Saiwar da ta ruɓe kuwa ba ta jan ruwa, don haka ganye ya ƙara langaɓewa, mai ita ta zaci ƙishirwa ce ta ƙara zubawa. Ta haka tsirran ɗaki da yawa suke mutuwa, a hannun masu tsananin son su.

Ki tura yatsa cikin ƙasar kamar gaɓa biyu. Idan da danshi, ki ƙyale ta. Sai ta bushe har can za ki zuba ruwa sosai ya fito ta hudar ƙasan tukunya, ki zubar da wanda ya taru a faranti, wanda dama matattarar sauro ce. Da damina a Legas, musamman Yuni da Yuli, iska cike take da laima, ƙasar na iya yin mako ɗaya ko fiye ba ta bushe ba. Ruwan sama ya fi dacewa da ita. Na burtsatse ma ba laifi, sai dai in yana da gishiri, kamar yadda ake samu a unguwannin bakin teku.

Tunda ta sha ruwa da yawa, ki karkata tukunyar a hankali ki zaro ta da ƙasarta, ki duba. Saiwa mai lafiya fara ce ko ruwan madara, kuma da ƙwari. Idan haka kika gani, ki mayar da ita yadda take, kada ki sauya tukunya sai bayan mako 3 zuwa 4. Idan kuwa baƙa ce, ta yi taɓo-taɓo tana wari, ba jira: ki yanke ruɓaɓɓen da almakashi mai tsabta ki dasa ta a sabuwar ƙasa. Baƙar ƙasar da masu lambun bakin titi suke sayarwa tana dunƙulewa idan ita kaɗai ce. Ki haɗa ta da gutsattsarin ɓawon kwakwa da aka wanke da ɗan gawayi. Babbar tukunyar nan ma ban so ta ba, domin ƙasa mai yawa ruwa mai yawa take riƙewa. Wadda ta ɗara ta yanzu kaɗan ta isa, kuma lallai mai huda.

Ki ajiye ta kusa da taga, bayan labule mara kauri. Rana tsaka tana ƙona ganyen, iskar na'urar sanyaya ɗaki kuma tana busar da shi. Inda kika ajiye ta, ki bar ta nan. Taki sai bayan wata guda, shi ma rabin abin da aka rubuta a jikin leda.

Idan kina da wasu tsirrai, ki ware ta mako 2, kina leƙa bayan ganye. Idan kika ga farin abu kamar auduga a maƙale, ƙwari ne, ki goge da ruwan sabulu mara ƙarfi ko man darbejiya da aka tsarma.

Abu ɗaya da nake roƙonki: ki nisanta ta daga yara masu rarrafe da kyanwa. Ganyenta yana ƙona baki da maƙogwaro idan aka tauna.

Ganyen da ya yi rawaya ba zai dawo kore ba, ki yanke shi daga gindi. Ranar da kika ga sabon ganye ya leƙo a naɗe kamar tabarma, to ta kama ƙasa.