Hasumiyar Gobarau: ta kiran sallah ce ko ta gadin gari?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na zo biki Katsina daga Maraɗi, aka kai mu muka ga Gobarau. Wanda ya raka mu ya ce an gina ta ne don hango abokan gaba, shi kuma kawuna ya ce hasumiyar masallaci ce. To in masallaci ne ina masallacin ya tafi? Dan Allah a warware min.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kawunki ya fi kusa da gaskiya, amma shi ma ɗan rakiyar naku ba ƙarya ya yi ba. Gobarau asalinta hasumiyar babban masallacin Juma'ar Katsina ce, ladan ke hawa ya kira sallah, kin san a lokacin ba lasifika, muryar mutum ce kawai da tsayin gini. Sai dai gini mai kamar mita 15 a garin da galibin gidajensa na ƙasa ne ba bene, kuma ƙasar shimfiɗaɗɗiya, ai dole in ana zaman ɗar-ɗar a sa mutum ya hau ya duba ko ƙurar dawaki ta taso ta bayan ganuwa. Wannan amfani ne da ya biyo baya, ba don shi aka kwaɓa ƙasar ba.

Tarihin baka yana danganta ginin da zamanin Muhammadu Korau, wanda ake ɗauka shi ne sarkin Katsina Musulmi na farko, har yau ma gidan sarki Gidan Korau ake ce masa. Masana da yawa kuma suna haɗa shi da zuwan Shehu Muhammad al-Maghili, malamin nan ɗan Tilimsan ta ƙasar Aljeriya, wanda ya zauna Kano zamanin Muhammadu Rumfa ya kuma zo Katsina wajen 1493. Ko ta wace riwaya kika bi dai maganar ta haura shekara 500.

Abin da ya fi damuna shine mutane suna zuwa su ɗau hoto su tafi ba a gaya musu cewa wurin nan makaranta ce ba. Masallacin Gobarau zaure ne na ilimi, ana karanta fiƙihu da hadisi da nahawu da tafsiri, ɗalibai na zuwa daga nesa tare da ayarin fatake, don Katsina a lokacin tana bakin hanyar Sahara, raƙuma na sauke kaya daga Agadas da arewacinta, littattafai ma cikin kayan suke zuwa. Garin da ya fitar da Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani a ƙarni na 17 ba da ka ya fitar da su ba, akwai tushen da suka tarar.

Toh ina masallacin? Nan ne labarin ya taɓo garinku. Bayan jihadi, wajen 1807, Malam Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina, sarakunan Haɓe suka yi arewa har zuriyarsu ta kafu a Maraɗi. Sabuwar sarauta ta mayar da sallar Juma'a wani masallacin, Gobarau ya rage jama'a. Shi kuwa ginin ƙasa kamar dabba yake, sai da kiwo. In damina biyu uku ta wuce ba a yi yaɓe ba, ba a gyara indararo ba, ruwa zai sami hanya ya shiga cikin azara, rufi ya zauna, bango ya bi shi. Haka masallacin ya narke a hankali, hasumiyar ce ta tsira saboda kaurin gindinta, ita ma ta zaizaye sosai kafin a gyara ta zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944. Saboda haka wadda kika gani wuri ɗaya ne, tushe ɗaya ne, amma hannun magina da yawa ya bi ta kanta.

In Allah ya sake kawo ki, ki matsa kusa ki dafa bangon. Tubali ne na hannu, mulmulalle mai tsini a kai, ana jera shi gindi ƙasa a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa mai ciyawa, sannan a bi da yaɓe, a da har da makuba ta ɓawon ɗorawa don ruwa ya zame. Ki lura yadda take hawa-hawa, kowane hawa ya fi na ƙasansa tsukewa, dabarar da ta hana nauyi ya tsaga ta kenan. Ni duk sanda na kai ɗalibai sai na sa sun hau matakalar ɗaya bayan ɗaya, ba ta ɗaukar mutum biyu a jere, kuma wallahi duk surutunsu in sun kai sama shiru suke yi.

Tunda kina Nijar, ki gwada ta da hasumiyar masallacin Agadas, wadda aka fara ginawa wajen 1515 aka sabunta a 1844, mita 27, ita da itatuwa a tsire a jikinta da magina ke takawa lokacin yaɓe. Can masallacin na nan da ransa ana sallah a ciki, in kin tsaya a gabansa za ki iya kwatanta yadda Gobarau take kafin jikinta ya tafi. Ki gaishe min da kawun naki.