Ko Jin Daɗi Ma Ana Ware Masa Rabonsa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye da ke ƙasar Ringim, shekaruna sun haura hamsin. Bara yayana ya rasu ya bar rumbuna uku cike da gero da shanu bakwai, alhali a iya sanina bai taɓa sayen tsire ya zauna ya ci don marmari ba. Tun daga nan zuciyata take raya mini in daina wannan tsumulmula. Ɗana mai zuwa cirani Legas kuma yana cewa mutum ya tashi takanas ya nemi jin daɗi tun yana da sauran haƙori. Shin akwai amfani a mayar da hakan tsarin rayuwa, ko shagala ce kawai?

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya jiƙan marigayi. Akwai amfani ƙwarai, amma sai mun fara tantance irin daɗin da ake nufi, domin da mai shan fura da nono a inuwar darbejiya bayan ya taso daga gona, da mai kwana a gidan gala, kowannensu cewa zai yi daɗi yake ji.

Addini bai bar mu cikin duhu ba. A Suratul Ƙasas, aya ta 77, an ce kada mutum ya manta da rabonsa na duniya, a Suratul A'araf, aya ta 31 kuma, an ce a ci a sha amma ban da almubazzaranci. Lokacin da Salmanul Farisi ya tarar da Abu Darda'i ya duƙufa ga azumi da tsayuwar dare har iyalinsa sun shiga wani hali, ce masa ya yi Ubangijinsa yana da haƙƙi a kansa, ransa yana da haƙƙi, iyalinsa ma suna da haƙƙi, Annabi (SAW) kuma ya gaskata Salmanu.

Mutumin da aka fi dangantawa da ra'ayin neman jin daɗi shi ne Efikurus, wani masanin Girka da aka haifa a shekara ta 341 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wanda ya koyar da almajiransa a wani lambu a birnin Atina. Mutane suna jin an ce ya ɗauki jin daɗi a matsayin manufar rayuwa sai su zaci mai sharholiya ne, alhali abincinsa bai wuce gurasa da ruwa ba, in an samu cuku kuwa ranar biki ce. Daɗin da yake nufi shi ne jiki ya rabu da ciwo, zuciya ta rabu da fargaba, ga kuma abokan zama. Aƙidarsa game da lahira ba tamu ba ce, amma lissafinsa na cewa duk daɗin da wahalar da ke biye da shi ta fi shi yawa a bar shi, kowane manomi zai gane shi, tunda ba wanda yake cinye irin shukarsa don tuwo ya yi auki.

Dalilin da ya sa nake cewa a nemi daɗi da gangan shi ne, a ƙauye aiki ba ya ƙarewa. Ana gama shuka sai noman firi, sai maimai, sai girbi da sussuka, kafin a ankara fadama ta kira. Wanda yake jiran sai ya gama sannan ya huta, makomarsa ta yayanka ce. Rai dangin goro ne, ruwa ake ba shi, kuma na lura magidancin da yake samun barci isasshe da hirar dandali ya fi haƙuri da iyali, ya fi kuma ƙwazo idan ya kama fartanya.

Inda zan ja kunnen ɗanka shi ne batun sabawa da daɗi. A shekarar 1978 wasu masu bincike a Amurka sun tattauna da mutum 22 da suka ci maƙudan kuɗi a cacar tikiti, suka tarar farin cikinsu bai fi na sauran jama'a da wani abin kirki ba, har ma ɗanɗanon ƙananan abubuwa irin su karin kumallo da hira da aboki ya ragu a wurinsu. Sabuwar waya mai tsada mako biyu take yi tana burge mai ita, bashinta kuwa sai ya kai wata kakar. Shi ya sa na fi son daɗi mai araha wanda ake maimaitawa, ake kuma ci da jama'a.

Saboda haka idan ka sayar da riɗinka bana, bayan ka fitar da zakka ka cire na iri da na taki da na ci, ka ware wani abu ka ba shi suna, ko da kuɗin tiya biyar ne. Ka sauya katifar da take sa ka tashi da ciwon baya, ka riƙa shigowa gida da balangu ranar kasuwa ku ci da uwargida da jikoki a tabarma ɗaya. Ranar Alhamis guda kuma ka ɗauki aboki ku tafi kasuwar Maigatari kallon raƙuma, ba da niyyar sayen komai ba.